Da'irar da Na Goge

Urakawa, 5 ga Yuni

Zuwa ga yayata, Aapa Gulnaz,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanen nan naki da kika rantse ba zai taɓa yin hankali ba. Ina fatan kina lafiya, da mahaifiyarmu Ammi da gwiwarta, da mijinki Ishtiyak Bhai da tumbinsa, da yara gaba ɗaya. Ki ja mini kunnen Munna sau ɗaya, ba don ya yi laifi ba, don dai kada ya manta yana da kawu. Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na bugo waya Ammi ce ke ƙwacewa, mu ƙare a kan gwiwa da tsadar albasa, ke kuwa ko gefen mayafinki ba na gani. Rubutun makarantar allo ne, in kin ga harafi ya karkace ki daidaita shi da kanki.

Kin tuna Begam, goɗiyar da na turo miki hotonta kika ce ta yi kama da uwar mijinki? Bana shekararta ashirin. 'Ya'ya goma sha ɗaya ta haifa wa gidan nan, amma bara ba ta ɗauki ciki ba, bara waccan ma haka. Mai gidanmu, tsoho Tsuruoka, wanda duk muke ce wa Oyaji, yana da doka tun ta kakansa: goɗiyar da ta yi shekara uku a jere ba ciki, ta bar barga. Da kaka mota ke zuwa. A takarda sai a rubuta wai ta koma dokin hawa. Shekarata shida a nan, sau huɗu na ga an rubuta haka, ban taɓa jin wanda ya ga an hau ɗaya daga cikinsu ba. Naman doki kuwa ana cin sa a ƙasar nan. Na taɓa tambayar Numata-san, dattijon da muke aikin barga tare, ina ake kai su. Ya ce, "Kai dai kwashe kashi, Nau."

To bana ce ta uku. Ran ɗaya ga wata muka kai ta gidan ingarmu aka yi barbara. Yanzu sai jira.

Bari in ba ki abin dariya. A ƙofar ɗakin Begam akwai farin allo. Tun watan Afrilu tsohon likitanmu, Ebina-sensei, ya zana mahaifarta a kai, kamar gwafa mai reshe biyu, da da'irori uku a ciki. Tsofaffin goɗiyoyi sukan yi ƙululan ruwa a mahaifa. Ba sa ciwo, ba sa komai, sai dai a na'urar hoton ciki kamarsu ɗaya da ɗan tayi, baƙin ɗigo zagayayye. Shi ya sa ake zana inda suke tun kafin barbara, don kada a ruɗe daga baya. Shi Ebina-sensei ba ya ajiye komai a takarda, daga allo sai kansa. Kan kuwa yanzu yana asibiti a Sapporo tare da sauran jikin, wani duƙushi ya karya masa ƙugu. Wata yarinya likita ce ke zagaya gonakin dawakin da yake dubawa, Hoshina-sensei, ba ta fi ni da shekara uku ba.

Shekaranjiya ina shara na ɗaga kai na dubi da'irorin nan. Wallahi Aapa ba laifina ba ne, Numata-san ne sak. Biyu a sama, idanunsa na kwaɗo. Ta ukun can ƙasa a gefe, baƙin tabon nan mai gashi da ke haɓarsa. Hula kawai na ƙara masa, da gashin baki, da sigari.

Ya shigo da bokiti ya tsaya yana kallo.

"Wane ne wannan?"

"Wani ɗan fim ne na ƙasarmu. Mata suma suke yi in sun gan shi."

"Da wannan haɓar?"

"Ai don haɓar suke suman."

Buroshin wanke doki ya biyo ni har bakin ƙofa. Ina dariya na ji takun Oyaji daga wajen rumbun ciyawa, shi kuwa ba a wasa da allonsa. Na dawo a guje na share komai da hannun riga, na sake zana gwafar da da'irorinta kafin ya kawo kai. Ya wuce bai ko duba ba. Kin ga ƙanenki har aikin likita ya iya.

Hazon teku ya fara, kullum sai azahar muke ganin shingen gona. Da safe in na saki Begam takan tsaya a cikinsa ta zuba wa hanyar mota ido, ba ta kiwo. Ban san me take kallo ba. Ki sa ta a addu'a, ko da kina jin kunyar roƙa wa doki.

Ki gaida kowa da sunansa. Naki, mai ƙona miki gefen mayafi da ashana tun yana shekara biyar,

Naushad


Urakawa, 18 ga Yuni

Aapa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ke da Ammi da mutan gida. Ni jikina lafiya.

Wannan kada ki karanta ta da ƙarfi.

Jiya aka duba Begam, kwana goma sha biyar da faɗowar ƙwanta. Bari in fara gaya miki abin da Hoshina-sensei ta koya mini, don ki gane abin da na gani. Tun da ta fara zuwa ni ke riƙe mata kan goɗiyoyi, gilashin na'urar yana fuskantata, kin kuwa san bakina. Ita ba ta gajiya da tambaya. Takan sa doguwar safar roba, ta zura hannu har kafaɗa ta bayan goɗiya, kuncinta manne da gindin doki, tana yi mini karatu kamar muna shan shayi.

Ta ce ɗan doki a farkonsa ba nama ba ne, ba ƙashi ba ne, ruwa ne a cikin wata 'yar fata mai shara-shara. Yakan iso mahaifa bai kai ƙwayar yashi ba, sai ya fara zuƙar ruwa daga jikin uwar. Kullum yana kumbura. Ran sha ɗaya kamar ƙwayar barkono, ran sha uku kamar wake, ran sha biyar kamar inabi. Ta ce abin mamakin, ruwan cikinsa bai kai na jikin uwar gishiri ba, bisa ƙa'ida fita ya kamata ya yi, amma shiga yake yi, har yau masu ilimi ba su gama gane yadda yake jawo shi ba. Na ce ai ni na gane, ɗan uwana ne, daga kwanon wani yake ci. Ta yi dariya har na'urar ta girgiza. Ta ce kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yini yake yana gangarawa daga wannan reshe zuwa wancan, yana shaida wa uwar cewa ga shi nan, kada ta zubar da shi. Sai ran sha shida yake samun wuri ya kafe. Ƙululu kuwa ba ya girma, ba ya yawo.

Jiya da hantsi ni ke riƙe da kai, Numata-san na riƙe da wutsiya, Oyaji na tsaye hannu a baya. Ta dubi allo ta dubi gilashi. Ta ce, "Ga ƙululun dama. Ga na hagu. Biyu, daidai da zane." Ta gangara ƙasa, sai ga baƙaƙen da'irori biyu manne da juna, girmansu ɗaya.

"Tagwaye," in ji ta.

Ba wanda ya yi mamaki, don dama ƙwai biyu Begam ta saki. Amma goɗiya ba ta iya ɗaukar biyu, Aapa. In an bar su duka sukan zube, wani lokaci har da uwar. Sai a fasa ɗaya da yatsa tun yana ruwa. Kuma jiya ne ya zama dole, don in suka kafe a manne ba a iya taɓa ɗaya a bar ɗaya.

Ta ce, "Wanne za mu bari, Oyaji-san?"

Ya ce, "Ke ce likita."

A nan na ɗaga ido. Ta saman bayan Begam ina hango fuskar Numata-san, ya cije leɓe yana jan wutsiya. Na ga tabon haɓarsa. Na juya na dubi allo. Idanu biyu, babu tabo.

Uku ne, Aapa. Uku Ebina-sensei ya zana, ni na mayar da biyu. Ɗaya daga cikin tagwayen nan ba ɗa ba ne.

Na san abin da za ki tambaya. Akwai lokaci. Ta fi minti biyar tana lalube. Na buɗe baki, na ga ƙeyar Oyaji, na ga kaina a filin jirgi da jaka, na ga Ammi tana tambaya me ya faru. Sai na ce a raina, biyu ne, wataƙila ƙululun za ta kama. Ni da ban taɓa iya riƙe magana a baki ba, ko a sahun salla, jiya na riƙe.

Ta ce, "Wannan ya ƙi motsi. Yawwa, wannan ya yarda." Ta tura shi gefe a hankali, ina ganinsa yana gangarawa a gilashi kamar ƙwallon yara. Ta matse. Bai fashe nan da nan ba, ya lotsa ya dawo, ya lotsa ya dawo, fatar nan tana da ƙarfi. A na uku da'irar ta buɗe, baƙin ya bazu kamar tawada a allo, sannan babu komai. Begam ta ja dogon numfashi a wuyana. Ba ta ko ɗaga ƙafa ba.

Wanda ya yarda ya matsa ta fasa. Ke ma kin ji karatun: ƙululu ba ya yawo.

Hoshina-sensei ta ce gonaki arba'in ke kanta, sai ran ashirin da bakwai ga wata za ta dawo mu ga bugun zuciya. Da ta tafi Oyaji ya tsinci ɗan dutse a bakin rafi, ya wanke shi, ya kai gindin dogon dutsen da suka kafa wa matattun dawakai a bayan barga. Haka yake yi duk sanda aka fasa tagwai. Akwai su da yawa a wurin, wasu gansakuka ta rufe su. Ya haɗa hannu ya ce, "Ka yi haƙuri, don ɗan uwanka ne." Ni ina tsaye nesa kamar kullum, sun san ba na sunkuya wa dutse.

Ki sa Ishtiyak Bhai ya tambayar mini malamin masallacinmu, Maulvi Sahib, kada ya ce ni ne. Abin da bai yi zuciya ba, bai yi ƙashi ba, ruwa ne kawai amma yana sha yana yawo, rai ne ko ba rai ba? A makaranta an ce mana kowa daga ɗigon ruwa ya fara. Ba a gaya mana daga wace rana ake fara lissafi ba, ko an faɗa ina can ina ɗaure wa wani riga da tabarma.

Wataƙila ƙululu ma yana ɗan motsi. Hoshina-sensei ta taɓa cewa akwai masu dogon wuya da ke lilo.

Ƙanenki,
Naushad


Urakawa, 25 ga Yuni

Aapa Gulnaz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Ammi. Allah ya sa ruwan sama ya sauka muku lafiya, bai shiga ɗaki irin na bara ba.

Na san wasiƙata ta biyu ba ta iso ba tukuna, ga ta uku na bi ta da ita. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Mako guda na yi ina ganinsa. Ba mafarki ba, ido biyu, da rana tsaka. A bakin bokiti, a kumfar shayi, a idon Begam in ta juyo. Baƙi, zagayayye, ya lotsa ya dawo. Kowace safiya bayan salla sai na tsinci kaina ina lissafa girman da ya kamata ya kai yau, ina gwadawa da yatsu. Na ce wa hannuna ya bari, bai bari ba.

Ranar Lahadi matar Oyaji ta kira mu cin abinci don murnar cikin Begam. Ta san abin da nake ci da wanda ba na ci, sai ta zuba mini shinkafa ta rufe ta da jan ƙwan kifi, wanda a da nake roƙonta ƙari. Na sa cokali ɗaya a baki. Suka fara fashewa a haƙorina ɗaya bayan ɗaya, ruwan gishiri yana fita. Na tashi na fita bayan gida na amayar. Ta biyo ni da ruwa tana ba ni haƙuri, wai ko ƙwan ya kwana.

Oyaji kuwa, mutumin da sai ya yi wata bai yi murmushi ba, kullum da tuffa a aljihu. Yana yanka wa Begam da wuƙa yana ce mata, "Tsohuwa, kin kuɓuta." Har suna ya fara nema wa ɗan. Begam ba ta nuna alamar neman namiji ba, kowa ya ce shi ke nan, ciki ya zauna. Ni na san dalili, don na taɓa tambaya: in ɗan tayi ya riga ya gama zagayen shaida kansa, jikin uwa yakan ci gaba da riƙo ko bayan ba ya nan. Ita Begam ma ba ta sani ba. Tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakken tulu.

Numata-san ya ce, "Kai Nau, kwana shida ba ka sa mini kwaɗo a takalmi ba. Ciwo kake, ko aure za a yi maka?"

Na ce ciwon ciki ne.

Ya ce, "To ka warke kafin talatin ga wata. Ranar ake rufe gidan ingarmu, sai mu sha iska."

Talatin ga wata. Bayan ranar babu barbara sai baɗi, Begam kuwa ba ta da baɗi. In ba ciki, akwai allurar da ke dawo da ita neman namiji, amma tana son kwanaki. Na ji wannan, na lissafa, kuma duk da haka na ƙara kwana da bakina a rufe. Ina rubuta miki ne don kada wata rana in gyara labarin.

Jiya da safe Oyaji ya miƙo mini tsumma da alƙalamin allo. Ya ce, "Share wannan, ka rubuta ranar haihuwa. Hannunka ya fi nawa kyau." Na tsaya gaban gwafar nan da idanunta biyu. Hannuna ya ƙi tsumman. Sai na cire murfin alƙalami na zana ta ukun, a ƙasa, a gefe, inda take tun farko.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Uku ne, Oyaji. Ni na goge. Na yi wasa da allon, na mayar da biyu."

Numata-san yana bayansa da cokalin ciyawa. Na ga hannunsa ya tafi haɓarsa a hankali. Ya ce, "Tabona. Wallahi akwai tabona a zanen."

"Yaushe ka tuna?" in ji Oyaji.

Ƙarya tana nan a kan harshena a shirye, kin san ba ta yi mini wuya. Na ce, "Tun hannun likita yana ciki."

Bai zage ni ba. Ya ciro tuffar aljihunsa ya ajiye a kan taga, ya tafi ya buga waya.

Hoshina-sensei ta bar wata gona ta zo. Ta fito da hoton ranar sha bakwai ga wata ta ajiye kusa da gilashi, ta auna. Milimita goma sha tara a ranar, goma sha tara jiya. Mako guda bai sha ko ɗigo ba. Zagayayye sumul, ba komai a ciki. Ta ce da ɗa ne da yanzu ya ƙaru, ya canza siffa, da an ga ɗan farin abu a gindinsa.

Ta zare hannu, ta cire safar, ta tsaya gaban Oyaji ta sunkuya har gashinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta ce, "Laifina ne. Da na ga ɗaya ya ƙi motsi ya kamata in tsaya. Allo na yarda da shi, ban yarda da hannuna ba." Ta daɗe a haka. Na ce, "Sensei, ni ne," ba ta ɗago ba. Aapa, na sha bulala a makaranta har na daina ƙirgawa, ba wadda ta shige ni kamar sunkuyon yarinyar nan.

An yi wa Begam allurar. Saura kwana biyar a rufe. Sensei ta ce wataƙila, ba ta ƙara komai ba. Numata-san ne ya ƙara, muna wanke bokitai, bai dube ni ba: "Goge allo wasan yara ne, kowa na iya yi. Amma kwana bakwai, Nau. Kwana bakwai ka riƙe a baki."

Ki yi mana addu'a.

Naushad


Urakawa, 20 ga Yuli

Aapa,

Wa alaikumus salam, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da ba ki ce dama kin faɗa ba, na san ya kusa fashe miki ciki. Na ji daɗi da gwiwar Ammi ta yi sauƙi. Ki gaishe ta.

Na ji amsar Maulvi Sahib, cewa ba a kama bawa da kuskure. Allah ya saka masa. Sai dai tambayar da na aiko ba ita ce ta gaskiyar ba, shi ya sa amsar ba ta zauna mini ba.

Ran talatin muka kai Begam gidan ingarmu, mu ne na ƙarshe a layi, har sun fara wanke daɓe. Ta tsaya wa ingarman, amma ƙwan bai nuna ba. Sai ran huɗu ga wata ya faɗo. Sensei ta ce ruwan namiji yakan jira kwana biyu, da ƙyar uku. Kwana huɗu ne tsakani. Ba ta ce da an yi allurar da wuri ba. Ba wanda ya ce. Kowa ya iya ƙirga.

Shekaranjiya aka duba. Ta bi reshen dama, ta bi na hagu, ta gangara, ta sake hawa. Da'ira uku, kowace a inda allo ya ce. Yau ta dawo ba a kira ta ba, ta sake dubawa ko akwai wanda ya ɓuya. Ukun ne dai, ba wadda ta ƙaru.

Oyaji bai kore ni ba. Yana ba ni aiki, yana amsa gaisuwata, ranar Juma'a ma ya ce in ɗauki ƙaramar mota in tafi salla. Da ya kore ni da na san inda zan ajiye abin.

Begam kuwa ta yi ƙiba, ciyawa ta yi kyau bana. Gashinta har sheƙi yake.

Naki,
Naushad


Urakawa, 14 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Gulnaz,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da Ammi, da Ishtiyak Bhai, da yara. Ki yafe mini shirun wata uku. Sanyi ya fara, duwatsu sun yi ja.

Na roƙi Oyaji, Aapa. Sau biyu. An yaye 'ya'yan bana, na ce a bar Begam ta zauna da su a fili ta zame musu kaka, wasu gonakin suna yin haka. Na ce ni zan riƙa yanko mata ciyawa a lokacin hutuna. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Mahaifina ya sallami wadda ya fi so a duniya, ni na riƙe masa ƙofa. Ni ma na sallami tara. In na bar wannan, me zan ce wa waɗancan?" Na ce amma wannan ba ita ta gaza ba, ta ɗauka, mu muka fasa. Ya ce, "Na sani." A nan maganar ta tsaya.

Ranar Talata da ƙarfe goma motar ta zo. Doguwa ce, ba rubutu a jikinta, akwai wasu a ciki ana jin takunsu. Begam ta tsani mota. Ta kafe a gindin matakala, ta baje ƙafafu, ta kwantar da kunne. Numata-san ya ja, direba ya turo da igiya ta baya, ta yi sama ta kusa faɗuwa. Rabin awa suna fama, duk ta jiƙe da gumi. Direban ya koma gaban mota ya ɗauko sanda.

Oyaji ya ce, "Ajiye." Ya juyo inda nake laɓe a ƙofar barga. "Nau. Zo ka hau da ita."

Na ce, "Oyaji, don Allah."

Ya ce, "Ko kai, ko sanda."

Na karɓi igiyar. Na san abu ɗaya da ke sa ta hawa, don duk bazara ni ke kai ta gidan ingarmu. Ba ja ake yi ba. Tsokanarta nake yi, da yarenmu, da muryar matan da ke raka amarya. Amma sai muryar ta fito da dariya a ciki, in ba haka ba ta gane. Na tsaya na nemo dariyar. Ban san daga ina na samo ta ba, amma ta zo, cikakkiya, irin wadda kika sani.

Na ce, "Haba Begam Sahiba, wannan jan aji fa? Ango na can ya yi wanka tun asuba. An ce bana saurayi ne, ɗan shekara biyar, gashi har kafaɗa. Ke da tsufanki kin samu, kina wani noƙewa. Taho mu je kafin wata ta riga ki."

Kunnuwanta suka miƙe. Ta hura mini iska a wuya, ta ɗaga wutsiya, ta taka matakalar nan tana rangwaɗa, igiya a sake, ban ja ko kaɗan ba. Har ciki. Na ɗaure ta kusa da wata baƙar goɗiya, na zare mata ragamar gida mai sunanta, don ragamar ba ta tafiya. Ina sauka ta juyo da kai tana nemana, ta yi ɗan ƙaramin kukan da take yi in mun kusa isa.

Direban ya ɗaga ƙofa ya sa sakata. Ya ce, "Kai, shekara talatin ina wannan aiki ban ga tsohuwa ta hau da daɗin rai haka ba. Me ka ce mata?"

Numata-san da Oyaji suna tsaye, su ma suna jiran su ji.

Na ce, "Wasa na yi mata."

Ki gaida Ammi da kyau, ki gaida Ishtiyak Bhai da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Naushad